Rana ɗaya ta mai kaya ba ta zuwa da ƙafarta



Yau zan fita da ku waje, mu je Faransa da Bolibiya, kan wani zance da na san tun ban buɗe baki ba wasu sun fara tsuke fuska: farautar mutanen da suka yi wa Yahudawa kisan kiyashi lokacin yaƙin duniya na biyu, suka sulale da yaƙi ya ƙare, da yadda aka kamo wasunsu aka tsaida su gaban alƙali bayan sun yi furfura. Na san abin da za a ce mani. Ina Gaza? Ina abin da Nasara ya yi muna a ƙasarmu? Zan zo kansu, ba zan kauce ba. Amma ku bari in fara da yara.

Ranar 6 ga watan Afrilu 1944, da safe, a wani ƙauye da ake ce ma Izieu, gabas da birnin Lyon, yara sun taru za su karya kumallo. Gidan da suke ciki wata mata ce mai suna Sabine Zlatin da mijinta Miron suka buɗe shi, don su ɓoye ƴaƴan Yahudawa waɗanda aka kama iyayensu ko suke gudun kamu. Har lakkol ake yi masu a ciki. Sai ga kamyo biyu sun tsaya ƙofar gida, sojojin Jamus da ƴan Gestapo, wato ƴan sandan ciki na Hitler, suka diro. Aka kwashe yara 44 da manya 7. Ƙaramin cikinsu shekararsa 4, babbansu 17. Daga Lyon aka kai su sansanin Drancy kusa da Paris, daga can jirgin ƙasa ya kwashi mafi yawansu zuwa Auschwitz, inda aka kashe su da iskar guba. Yaro ko ɗaya bai dawo ba. Cikin manyan, mace guda ce ta tsira, sunanta Léa Feldblum.

Da yammacin ranar, shugaban Gestapo na Lyon, Klaus Barbie, ya buga wa magabatansa na Paris saƙon telex. Lissafi ya ba su, irin wanda yaron kanti ke ba ubangidansa: yara kaza, ma'aikata kaza, kuma ba a samu kuɗi ko wani abu mai daraja ba. Ku riƙe wannan takarda, za mu dawo kanta.

Barbie ba ɓoyayyen mutum ba ne. Mutanen Lyon mahauci suke ce mashi. Da hannunsa yake azabtar da fursunoni, kuma a hannunsa Jean Moulin, jagoran ƴan gwagwarmayar Faransa, ya sha azabar da ta yi ajalinsa a 1943. To ina irin wannan mutum zai shiga in yaƙi ya ƙare? Cikin albashin Amurka ya shiga. Daga 1947 sashen leƙen asirin sojan Amurka da ke Jamus ya ɗauke shi aiki, don ya iya farautar ƴan kwaminis, kuma a lokacin su ne abokan gaba. Faransa ta nemi a ba ta shi, aka yi ta yi mata hanya-hanya. Da abin ya fara wari, a 1951, sai suka fitar da shi ta tashar ruwan Genoa a Italiya, shi da matarsa da ƴaƴansa, da takardun tafiya masu sunan Klaus Altmann, da taimakon wani limamin coci ɗan Kuroshiya, Krunoslav Draganović. Kotun soja a Faransa ta yanke mashi hukuncin kisa a bayan idonsa a 1952, ta sake a 1954. Hukuncin ya tsaya a takarda.

A Bolibiya ma ba cikin kogo ya zauna ba. Ya samu takardar ɗan ƙasa a 1957, ya yi kasuwanci, har ya riƙe kamfanin jiragen ruwa a ƙasar da ba ta da teku, kamar dai a ce an kafa shi a Zinder. Gwamnatocin soja, daga ta Hugo Banzer har ta García Meza da ta yi juyin mulki a 1980, sun amfana da saninsa na tatsar magana daga bakin fursuna. Wato sana'ar da ya gwanance a kan Yahudawa da ƴan gwagwarmayar Faransa, ita ya kai kasuwa a ƙasar da ake farautar ƴan sandika da ɗalibai. Wannan shi ne abu na farko da nake so mu lura da shi. Mutumin da ya yi irin wannan aiki aka ƙyale shi, ba ritaya yake tafiya ba. Ubangida yake canzawa.

Mu Hausawa muna da maganar da muke kwantar da hankalinmu da ita: rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Na daɗe ina zargin wannan karin magana da sa mu barci. Sai ka ji kamar ranar nan tana bisa hanya, ta riga ta hau mota, namu kawai mu shimfiɗa tabarma mu jira. Ku duba lissafin Barbie. Tsakanin Izieu da ranar da alƙali ya yanke mashi hukunci yana hannu, shekara 43 ne. Rana dubu ba ta kai shekara 3 ba. Shi ya ci fiye da dubu 15. Kuma ranar mai kayan da ta zo, ba gwamnati ta taso da ita ba. Wasu mutane ƙalilan ne, marasa muƙami, marasa bindiga, suka jawo ta da ƙarfin tsiya.

Biyu daga cikinsu mata da miji ne, Serge da Beate Klarsfeld. Shi Serge yana da shekara 8 a birnin Nice, a 1943, ya laɓe bayan wani bangon ƙarya cikin ɗakin ajiyar tufafi tare da uwarsa da yayarsa, yana ji aka tafi da ubansa, wanda ya mutu a Auschwitz. Ita kuwa Beate Bajamushiya ce, ba Bayahudiya ba, ubanta ma sojan Jamus ne a yaƙin. Ita ce ta haura dandamalin taron jam'iyya a Berlin a 1968 ta shara wa shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma, Kurt Kiesinger, mari, don tsohon ɗan jam'iyyar Nazi ne. Marin duniya ta ji shi, amma ba shi ne ainihin aikinsu ba. Ainihin aikin shi ne zaman wata da watanni cikin ƙurar ɗakunan ajiyar takardu. A 1978 Serge ya fitar da kundin sunayen Yahudawa kusan dubu 76 da aka kwasa daga Faransa, jirgi bayan jirgi, kowa da sunansa da ranar haihuwarsa da garinsu. Wasu daga cikin waɗanda suka shirya wannan kwasa suna zaune lafiya lau a Jamus da sunayensu na yanka. Kurt Lischka lambarsa na cikin littafin tarho na birnin Cologne. Ernst Heinrichsohn magajin gari ne zaɓaɓɓe. Sai a 1980 kotu ta ɗaure su, bayan shekaru ana zanga-zanga.

Amma ni waɗanda suka fi tsaya mani a rai uwaye biyu ne.

Fortunée Benguigui ƴar Oran ce ta Aljeriya, can ta haifi ƴaƴanta maza uku kafin su koma Faransa. An kama ta a 1943 aka kai ta Auschwitz, inda likitocin Nazi suka yi gwaje-gwaje a jikinta suka nakasa ta. Abin da ya riƙe ta da rai shi ne tunanin yaranta na Izieu, sun tsira. Ran nan, cikin sansanin, sai ta ga rigar sanyin da ta saƙa wa babban ɗanta Jacques da hannunta, a jikin wani yaro daban. A 1971 mai gabatar da ƙara na birnin Munich ya rufe dosiyen Barbie, wai babu hujjar cewa ya san inda ake kai mutanen. Beate ta ɗauki Fortunée suka je suka zauna bisa matakalar kotun, ita tana riƙe da hoton ƴaƴanta. Aka sake buɗe dosiye. Daga wannan biro ne ma hotunan da suka taimaka aka gane Altmann shi ne Barbie suka fito.

Ta biyun, Ita-Rosa Halaunbrenner, Gestapo na Lyon sun kashe mijinta, ɗanta Léon an kwashe shi bai dawo ba, ɗiyanta mata biyu, Mina da Claudine, suna cikin yaran Izieu. A watan Maris 1972, tana dab da shekara 70, ta bi Beate har La Paz, birnin da ke bisa tsauni mita 3,600, inda matashi ma numfashi ke gagara. Suka ɗaure kansu da sarƙa a wani benci daura da kamfanin Barbie, ƙarƙashin mulkin soja. Ku kwatanta tsohuwar gidanku a wurin.

Me suka samu? A lokacin, ba komai. Kotun ƙolin Bolibiya ta ce babu yarjejeniyar miƙa mai laifi tsakaninta da Faransa. Barbie ya ci gaba da shan gahawa a bainar jama'a da masu gadinsa, shekara 11. Sai da farar hula suka karɓi mulki a 1982, ƙarƙashin Hernán Siles Zuazo, inuwar ta yaye. A watan Janairu 1983 aka kama shi kan wani tsohon bashi, aka sa shi jirgi, a farkon Fabrairu ya kwana gidan kason Montluc na Lyon, inda da shi ke tsare mutane. Watanni kaɗan bayan haka gwamnatin Amurka ta fitar da rahoto ta amsa cewa jami'anta ne suka ɓoye shi, ta ba Faransa haƙuri. Haƙuri bayan shekara 32.

To da an kamo shi, da me za a kama shi? Nan ne takarda ta yi rana. Hukunce-hukuncen 1952 da 1954 sun riga sun mutu, don a dokar Faransa hukunci na faɗuwa in ya shekara 20 ba a zartar ba. Abin da ya rage shi ne dokar 26 ga Disamba 1964, wadda ta ce laifin cin zarafin bil'adama ba ya tsufa. Sai an kawo laifin da ba a taɓa yi mashi shari'a kansa ba, kuma sai da hujja. Barbie ya ce bai san zancen Izieu ba. Lauyansa ya ce telex ɗin jabu ne. Serge Klarsfeld ya tono asalin takardar cikin ajiyar wata cibiyar tattara bayanai da Yahudawan Faransa suka kafa a ɓoye a birnin Grenoble tun 1943. Ku sake duba shekarar. Ana tsakiyar kashe su, ba su san ko za su ga gobe ba, wasunsu suka zauna suna tara takardu don shari'ar da babu wanda ya yi masu alkawarinta. Maƙwabtanmu na Cadi sun san darajar wannan aiki. Abin da ya ɗaure Hissène Habré a Dakar ranar 30 ga Mayu 2016, shekara 25 da wani abu bayan ya gudu da dukiya, shi ne shaidun da tsofaffin fursunoni irin su Souleymane Guengueng suka tara ɗaya bayan ɗaya, da tulin takardun ƴan sandansa na DDS da aka tarar a zube a tsohon ginin hukumar a N'Djamena a 2001. Azzalumi mai biro yana son lissafi, kuma lissafin nan ne ke cin sa.

An fara shari'ar Barbie ranar 11 ga Mayu 1987. Kwana uku da farawa ya ce shi ba zai ƙara zuwa ba. Uwayen nan biyu suka zo suka ba da shaida gaban kujerarsa. Ranar 4 ga Yuli aka yanke mashi ɗaurin rai da rai, ya mutu a tsare a 1991. Ba a kashe shi ba, don Faransa ta soke hukuncin kisa a 1981, kuma ministan shari'ar da ya tsaya kai da fata aka soke shi, Robert Badinter, ubansa na cikin waɗanda ƴan Barbie suka kama a titin Sainte-Catherine na Lyon a watan Fabrairu 1943, ya mutu a sansanin Sobibor. Masu cewa duk abin ramuwar gayya ce, sai su yi mani bayanin wannan.

Yanzu ga tambayoyinku. Ba ku ne farkon yin su ba, a cikin kotun aka yi su. Lauyan Barbie shi ne Jacques Vergès, wanda ya kare ƴan FLN lokacin yaƙin Aljeriya. Ya zo da lauyoyi biyu, Jean-Martin Mbemba ɗan Kongo Brazzaville da Nabil Bouaïta ɗan Aljeriya. Suka tashi suka ce wa Faransa: ke wace ce da za ki yi wa wani shari'a? Ina kisan Sétif na 1945? Ina dubban baƙaƙen da suka mutu wajen shimfiɗa layin dogo na Kongo? Ina Falasɗinawan Sabra da Shatila? Ni da kaina zan ƙara masu. Ina Birnin Konni, da ayarin Voulet da Chanoine suka ƙone suka karkashe mutanenta a 1899? Su biyun ba alƙali ne ya tsaida su ba, sojojinsu ne suka harbe su, kaburburansu na nan Maijirgui, kuma binciken da Faransa ta buɗe aka rufe shi shiru.

Duk wannan gaskiya ne. Wanda ya ce maku ƙarya ne, shi ne maƙaryaci. Amma me lauyoyin suka roƙi kotu da wannan gaskiyar? Ba su roƙi a kamo wanda ya yi Sétif ba. Sun roƙi a saki wanda ya yi Izieu. Da an sake shi, wace uwa a Sétif za ta ji sanyi? Wane ɗan Konni za a biya? Kuma cikin masu ɗaukar nauyin kare Barbie akwai François Genoud, wani mai harkar banki ɗan Suwizalan da har ya mutu bai ɓoye ƙaunarsa ga Hitler ba. Wato an ɗauki gawarwakinmu haya ne don a yi wa ɗan Nazi garkuwa, mutumin da aƙidarsa ta aje baƙar fata a ƙasan ƙasa. Ni wannan ban ɗauke shi girmamawa ba. In ɓarayi biyu suka shiga unguwa aka kama ɗaya, wanda aka yi wa sata ba ya cewa a sake shi sai an kama na biyun. Cewa yake a riƙe wannan, a bi wancan.

Zancen Gaza kuwa, yaran Izieu an kashe su shekara 4 kafin a kafa ƙasar Isra'ila. Ba su jefa wa kowa bam ba. Ɗora wa yaro ɗan shekara 4 laifin gwamnatin da ba a haifa ba, shi ne ainihin tunanin da ya sa aka loda shi a kamyo: cewa jini ke ɗauke da laifi. Wanda ransa ke ƙuna don yaran Gaza, kuma ya kamata ya ƙuna, ya dubi makaman da ake riƙe da su yau. Yarjejeniyar hana kisan kiyashi ta 1948, wadda Afirka ta Kudu ta shigar da ƙara da ita a kotun duniya a watan Disamba 2023, wani lauya Bayahude ɗan Poland, Raphael Lemkin, wanda aka kashe danginsa gommai, shi ya yi ta naci har aka rubuta ta. Laifin cin zarafin bil'adama, wanda ke cikin sammacin da kotun ICC ta fitar kan Netanyahu da Gallant a watan Nuwamba 2024, a Nuremberg aka fara hukunta mutane da shi. Kuma kwanaki kaɗan bayan sammacin, ma'aikatar harkokin wajen Faransa ta fito da zancen kariyar da shugabanni ke da ita. Na ji muryar kotun ƙolin Bolibiya cikin wannan magana. Uzurin gwamnatoci ba ya canzawa, sunan wanda ake ɓoyewa ne ke canzawa.

Kada kuma wani ya ce na maida su Klarsfeld waliyyai. A 2024 Serge ya fito ya ce in zaɓe ya rage tsakanin jam'iyyar Marine Le Pen da ta Mélenchon, ta Le Pen zai zaɓa. Ban yarda da shi ba ko kaɗan. Wannan bai goge suna ko ɗaya daga kundinsa ba.

Amma babbar amsata ga Vergès mutum ɗaya ce: Maurice Papon.

Shi ba Bajamushe ba ne, kuma bai gudu ko'ina ba. Gudunsa a cikin gwamnati ya yi shi. Daga 1942 zuwa 1944 shi ne babban magatakardan prefe na jahar Gironde, a Bordeaux, kuma sashen da ke kula da abin da suke kira al'amuran Yahudawa na ƙarƙashinsa. A wannan lokaci an kwashi Yahudawa wajen 1,600 daga can zuwa Drancy, har da yara fiye da 200. Bai mari kowa ba. Sa hannu yake, a tanadi motoci, a tanadi jandarmomi, a cika jerin sunaye. Da yaƙi ya ƙare ya wayi gari cikin ƴan gwagwarmaya, aka ci gaba da ƙara mashi girma. Aka kai shi Constantine a Aljeriya, ya riƙe yankin lokacin da azabtarwa ta zama ruwan dare. A 1958 ya zama shugaban ƴan sandan Paris.

A watan Oktoba 1961 ya kafa dokar hana fitar dare a kan Musulmin Aljeriya kaɗai. Ranar 17 ga wata suka fito dubbai, maza da mata da yara, hannu rabbana, don nuna ƙin yarda. An kama wajen dubu 12, aka loda su cikin motocin bas da aka karɓo daga kamfanin sufurin birni, aka tara su a filayen wasanni. An doki wasu har lahira, an jefa wasu kogin Seine. Hukuma ta ce waɗanda suka mutu ba su wuce uku ba. Masana tarihi na cewa gommai ne, wasu sun kai lissafin fiye da ɗari. Hannun da ya sa hannu a Bordeaux, shi ne hannun da ya ba da umarni a Paris. Da an tsaida shi gaban alƙali a 1945 kan Yahudawan Bordeaux, da ba shi ke zaune a kujerar nan ba a 1961. Jerin da Vergès ya raba biyu, na Yahudawa daban, na ƴan mulkin mallaka daban, ga shi ya haɗu a mutum guda.

Papon ya zama ɗan majalisa, ya zama ministan kasafin kuɗi a 1978. Wanda ya tono shi ba ɗan sanda ba ne. Michel Slitinsky ne, wanda ya kuɓuce wa kamun Bordeaux yana saurayi, ubansa kuma ya mutu a Auschwitz, tare da wani malamin tarihi da ya ci karo da takardun cikin ajiyar jaha. Jaridar Le Canard enchaîné ta buga su ranar 6 ga Mayu 1981. An tuhume shi a 1983, amma ba a fara shari'a ba sai Oktoba 1997. Shekara 16 ana jan ƙafa. Mitterrand da bakinsa ya amsa a 1994 cewa ya so a rage wa irin waɗannan shari'o'i gudu, don zaman lafiyar ƙasa. Kun san wannan waƙa, ba sai na rera maku ba. Abokinsa René Bousquet, shugaban ƴan sandan Vichy, har wani ya harbe shi a gidansa a 1993 bai tsaya gaban kotu kan kwasar Yahudawa ba.

Laifukan yaƙin Aljeriya an rufe su da dokokin afuwa tun 1962, ba a iya shari'arsu. To ta wace ƙofa 17 ga Oktoba ta shiga kotu? Ta ƙofar Yahudawan Bordeaux. Iyalansu da lauyoyinsu ne suka kira Jean-Luc Einaudi ya ba da shaida kan halin wanda ake tuhuma. Einaudi ba farfesa ba ne, ma'aikacin tarbiyyar yara masu laifi ne da ya kwashe shekaru yana bin shaidu da rajistar maƙabartu. Ya tsaya gaban alƙalai ya faɗi abin da aka yi a bakin Seine. Daga baya ya rubuta a jaridar Le Monde cewa kisan gilla aka yi ƙarƙashin umarnin Papon. Papon ya kai shi ƙara kan ɓata suna, ya faɗi a 1999, kuma a wannan zama wakilin mai gabatar da ƙara na gwamnati da kansa ya amsa cewa kisan gilla ne. Allon tunawa da aka kafa a gadar Saint-Michel a 2001, da amsawar Hollande a 2012, duk bayan nan suka zo.

Ba zan ce maku an yi adalci cikakke ba. Josef Mengele ruwa ya ci shi a gaɓar tekun Brazil a 1979 yana wanka. Alois Brunner, wanda mutanensa suka kama uban Serge, ya tsufa a Damascus ƙarƙashin inuwar gwamnatin Assad, bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Shi Papon, ranar 2 ga Afrilu 1998 aka ba shi shekara 10, kan kamu da tsarewa, aka wanke shi daga haɗin baki a kisa. A 1999 ya tsere Suwizalan da sunan aro, aka kamo shi cikin ƴan kwanaki. A watan Satumba 2002 aka sake shi wai jikinsa ba zai iya zaman kaso ba, ya fito yana takawa da ƙafafunsa. Ya mutu a 2007 yana da shekara 96, lauyansa ya sa aka binne shi da lambar girman da aka riga aka ƙwace mashi.

Kan 17 ga Oktoba kuwa, har yau ɗan sanda ko ɗaya bai tsaya gaban kotu ba. Waɗanda aka hukunta su ne ma'aikata biyu na ɗakin ajiyar takardun birnin Paris, Brigitte Lainé da Philippe Grand, da suka ba da shaida a shari'ar Einaudi kan abin da suka gani cikin rajistar kotu. Aka karɓe dosiyoyin da ke hannunsu, aka hana su hulɗa da jama'a, aka bar su shekaru suna zuwa biro ba a ba su aiki.